Safar Tigabu Mai Ruwan Ɗorawa

Akwai wani direban bas a unguwarmu ta Shiro Meda da ke birnin Addis, nan gindin dutsen Entoto, ana ce masa Tigabu. Ya ba arba'in baya, ga ɗan tumbi ya fara leƙowa. Amma ku zauna da shi ku sha gahawa kofi ɗaya, zai gaya muku cewa ba don ciwon ƙafar da ya same shi yana saurayi ba, da yanzu shi zakaran gudu ne, hotonsa na manne a kowane shago. Rabin mazan Addis suna da irin wannan labari. Bambancin kawai, Tigabu ya yarda da nasa.

Kullum da asuba, kafin ya ɗauki mota, yakan hau daji ya yi gudu da ƙungiyarsu. Ba 'yan wasa ba ne. Masaƙa ne da malaman makaranta da masu shago, mutanen da ke gudu don ransu yana so. Shugabarsu Etiye Birtukan ce, ma'aikaciyar jinya, mace marar yawan magana.

A dajin nan ba a gudu barkatai. Layi ɗaya ake yi, kowa idonsa na kan ƙafar na gabansa, inda ya ɗauke tasa nan kake sa taka. Na gaba ya yi ta lanƙwasa tsakanin itatuwan turare, layi na binsa. In ya ga saiwa ko dutse ko rami, sai ya ƙyasta yatsa ya nuna ƙasa. Na bayansa ya ƙyasta, na bayan wannan ma ya ƙyasta, har ƙarar ta kai ƙarshen layi.

A ƙarshen layin nan kuwa kullum Gash Zewdu ne, wani tsohon masaƙi da zare ya cinye wa ido. Likita ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa ɗan hasken da ya rage masa ba zai kai wata damina ba. Tsohon bai yi kuka ba. Ya dai ce abu ɗaya yake so: ya shiga babban tseren gari da ake yi bayan ɗaukewar ruwa, ya ƙarasa shi da ƙafarsa, ya ga wurin ƙarewa da idonsa. Shekara da shekaru yana barin saƙa ya tsaya bakin titi yana tafa wa wasu. Bana yana so a tafa masa, tun yana iya ganin masu tafin.

Shi ya zaɓi ya riƙa bin Tigabu, kuma ba don iya gudunsa ba. Tigabu yana da wata doguwar safa ruwan ɗorawa, mai kashe ido, ita kaɗai tsohon ke iya hangowa cikin duhun itatuwa.

"Ɗana, kada ka kuskura ka canja safar nan," in ji shi. "Ko ta yi wari, ni na yafe."

"Gash, ai saboda kai ake ajiye ni a wutsiyar layi," in ji Tigabu. "Mutum irina gaba ya kamata ya ja."

"Za ka ja. Tukuna dai ka ja ni."

Wani abu kuma da ke ba Tigabu dariya, Gash Zewdu yana ƙarshen layi, babu kowa a bayansa, amma duk lokacin da ƙyasta ta iso kansa sai shi ma ya ƙyasta.

"Wai wa kake yi wa, Gash? Kuraye?"

"Kura ma tana da ƙafar karyewa," in ji tsohon yana haki. "Kuma ai mutum bai san wanda ke bayansa ba."

To, Tigabu yana da wata cuta, kuma ni dai ban ga laifinsa sosai ba, don duk wanda ya san dajin nan da sassafe ya san yadda yake ɗauke hankali. In gudu ya yi daɗi, numfashi ya daidaita, sai ya tafi wata duniya.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. Hazo ya kwanta tsakanin itatuwa, ƙamshin ganyen turare ya cika hanci, ƙararrawar coci tana tasowa daga can ƙasa a hankali. Ƙafafu suna sauka tare, tim, tim, tim. Tigabu ya ji jikinsa ya yi sakayau. Itatuwan nan suka zama mutane a tsaye, dubbai, suna ɗaga tuta. Iskar da ke kaɗa ganye ta zama sowa. Ya ga kansa ya shigo babban fili shi kaɗai, tumbi ya ɓace, mahaifiyarsa da ta rasu tana zaune a layin farko da farin mayafinta tana kiran sunansa.

Cikin wannan daɗi ƙyasta ta taho daga gaba. Ya ji ta sama-sama. Ƙafarsa ta tsallake saiwar da kanta, amma hannunsa yana can yana ɗaga wa jama'ar mafarki. Bai ƙyasta ba.

Sai ya ji faɗuwa a bayansa.

Layi ya tsaya. Gash Zewdu yana kwance cikin taɓo, ya riƙe gwiwa da hannu biyu. Etiye Birtukan ta durƙusa ta taɓa gwiwar, ta ɗaure ta da ɗankwalinta, sannan ta ɗago.

"A wurin wa ƙyasta ta tsaya?"

Idanu duka suka koma kan Tigabu. Kunya ta kama shi, kuma kun san wasu mutane in kunya ta kama su sai ta fito musu ta baki a matsayin rashin kunya.

"Ni gudu na zo yi," in ji shi. "Ban zo jan makaho ba."

Wallahi da ya mari tsohon da ya fi sauƙi. Gash Zewdu ya juya fuskarsa gefe. Etiye Birtukan ba ta ɗaga murya ba.

"To, ƙanena, ga daji nan. Je ka yi gudunka."

Ya tafi kuwa. Kwanakin farko ya ji daɗi, babu mai riƙe shi, babu tsoho a bayansa yana haki. Ya zaɓi wani gefen dajin yana ta zabga gudu shi kaɗai.

Amma mafarkin ya ƙi zuwa. Ya jira itatuwa su zama mutane, suka tsaya a itatuwansu. Ya saurari sowa, ba ya jin komai sai numfashinsa. Dole idonsa ya zauna a ƙasa yana neman saiwa da rami, don babu mai ƙyasta masa. Sai a lokacin ya gane cewa duk tafiye-tafiyen da yake yi zuwa babban filin nan, idon wasu ne ke tsare masa hanya.

Da rana in ya biyo da bas ta ƙofar gidan Gash Zewdu, yakan gan shi zaune a kan kujera, ƙafa a miƙe, fuska na kallon rana. Sau da yawa ƙafarsa ta je kan birki. Sai ya tuna maganar da ya faɗa, ya taka mai ya wuce, ransa a jagule. Damina tana ta ja da baya, ranar tsere tana matsowa, kuma ya san in tsohon bai shiga bana ba, shi ne sila.

Wata safiya hazo ya yi kauri har mutum ba ya ganin tafin hannunsa sosai. Tigabu yana cikin gudunsa sai ya ji takun ƙungiya a gabansa, tim, tim, tim. Kewa ta kama shi. Ya bi su daga nesa, a ɓoye, yana taka ƙasa a hankali.

Can ya hango inuwar na ƙarshe, yana ɗan ɗingishi. Gash Zewdu ne, ya dawo.

Ƙyasta ta taso daga gaba, tana matsowa ɗaya bayan ɗaya, har ta iso kan tsohon. Shi kuma, kamar kullum, ya ƙyasta wa bayansa inda babu kowa. Jikin Tigabu ya yi tsalle tun kafin ya yi tunani. Da ya waiga sai ya ga wani rami mai zurfi da ruwa ya haƙa, ganye ya rufe bakinsa. Da ya faɗa ciki, da sai dai a sauko da shi a kafaɗa.

Ya tsaya cak.

"Tigabu," in ji tsohon ba tare da ya juyo ba. "Na san takunka, kana taka ƙasa kamar tana bin ka bashi. Zo ka shiga gabana. Wannan da nake bi baƙar safa gare shi, wahala nake sha."

"Gash, maganar da na faɗa..."

"Ka faɗa, na ji, ta yi mini zafi. Gwiwa ma ta yi zafi, ga shi ina takawa. Shiga layi, ana barin mu."

Tigabu ya shiga yana share ido da bayan hannu. Etiye Birtukan ta waigo daga gaba ta gan shi, ta ci gaba da gudu.

Ranar tsere gari ya cika maƙil. Kiɗa, ganguna, mutane dubbai a kan kwalta. Jikin Tigabu bai taɓa yin kyau irin na ranar ba, gudun da ya sha shi kaɗai ya narkar da tumbin. Da aka sake su, ya ga tsararrakinsa suna wucewa fuu, ƙafarsa har ƙaiƙayi take. Ya danne, ya daidaita takunsa da na tsohon.

Ba su yi nisa sosai ba ya ji an kama rigarsa.

"Ɗana, tsaya. Safar ta ɓace mini. Ƙafafu sun yi yawa, kuma ƙyastarka ba na jin ta cikin hayaniyar nan." Tsohon ya saki rigar. "Ka je kawai. Ni zan zauna a bakin titi, ai na saba."

Tigabu ya kalli titin da ke miƙe a gabansa. Wannan karon ba mafarki ba ne, ga jama'ar na gaske, ga tutoci, ga sowa. Ya kalle su da kyau. Sannan ya zauna a gefen kwalta, ya cire takalmin dama, ya zare safar, ya mayar da takalmin a kan ƙafa tsirara. Ya naɗe bakin safar a hannunsa, ya danƙa wa tsohon ɗaya bakin.

"Riƙe nan, Gash. In na ja sau ɗaya, rami ne. In na ja sau biyu, mata ne ke kallonka, ka gyara tafiya."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Kai, amma safar nan ba ta san sabulu ba."

"Kai ka ce ka yafe."

Haka suka tafi, kafaɗa da kafaɗa, safa a tsakaninsu. Rana ta ɗaga. Takalmi ya fara cin diddigen Tigabu, tun yana jin zafi har ya ji danshi, ya san jini ne. Gwiwar tsohon ta riƙa gardama, su yi gudu kaɗan, su taka kaɗan. Masu kiɗa suka naɗe kayansu, masu shara suka fito. Tigabu ya yi ta ba shi labarin abin da ke hanya, inda aka rataya tuta, da wata mata mai gasa masara da ta ajiye mafici tana tafa musu.

Da suka iso wurin ƙarewa, yawancin jama'a sun watse. Amma 'yan ƙungiya suna nan a tsaye, ba wanda ya tafi. Da suka hango su sai suka jeru layi ɗaya a gefen hanya suna tafi, matan cikinsu suka rangaɗa guɗa, mutanen da suka rage a wurin suka taya su.

Gash Zewdu ya tsallake layin ƙarshe, ya tsaya yana haki, ya ɗaga fuska yana juya ta a hankali hagu da dama.

"Me kake gani, Gash?" in ji Tigabu.

"Ina ganin haske. Ina ganin hannuwa suna motsi." Ya ɗaga safar kusa da idonsa. "Ga kuma wannan abu mai wari. Ya ishe ni, ɗana. Na gani."

Kafin damina ta zagayo, hasken ya tafi gaba ɗaya, kamar yadda likita ya faɗa. Amma tsohon bai daina hawa daji ba, 'yan ƙungiya suna karɓa-karɓa wajen riƙe masa safar. Wata safiya suna shirin tashi, Etiye Birtukan ta koma gefe ta kalli Tigabu.

"Wuce gaba, ƙanena. Yau ƙafarka za mu bi."

Ya wuce. Hazo na kwance, ƙararrawa na tasowa daga ƙasa, itatuwa sun fara yi masa kama da mutane. Ya girgiza kai ya mayar da idonsa ƙasa. Ga wata saiwa ta gitta hanya. Ya ƙyasta yatsa, ya kasa kunne. Ƙarar ta bi layi tana komawa baya, tana raguwa, har ta kai kan tsohon. Can ƙarshe, a hankali, ya ji Gash Zewdu ya ƙyasta tasa.

Darasi: Duk gudun da kake yi a rayuwa, akwai wanda ya tsare maka hanya ba ka sani ba, akwai kuma wanda idonsa ke kan ƙafarka. In gargaɗi ko alheri ya iso kanka, kada ya tsaya a wurinka, miƙa shi baya ko da kana ganin babu kowa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, wataƙila wani yana dab da rami.