Garmar Nomau da Jangwadan Zaure

An ce a wani zamani da bai yi nisa ba, an yi wani Sarkin Noma a Tungar Marke, sunansa Jatau. Abin da ya gada wurin ubansa Nomau bai wuce gona da garma ba. Gonar dai ya nome ta. Garmar kuwa ya naɗe ta cikin farin ƙyalle, ya rataye da igiya a zaure, ya rantse ba mai buɗe ta, har shi kansa. Duk Juma'a yakan ɗiga man gyaɗa a kan ƙyallen, wai kada ƙarfen ya ji ƙishirwa. Kiyashi suka ji labari, suka mai da igiyar hanyar kasuwa.

Wata rana ƴarsa Lantana, wadda ke aure a ƙauyen gaba, ta zo ta durƙusa ta ce, “Baba, maigidana ya yanka mini gayauna. Garmar Kaka ta tsufa da huɗa. Ka ba maƙeri ya fitar mini da ƴar fartanya daga jikinta.”

Jatau ya ce, “Uwata, garmar ubana a wuta? Ki ce rumbu kike so, in ba ki.”

Ta ce, “Rumbu ba ya noma, Baba. Gobe zan koma.” Ta shige gida ko ruwa ba ta sha ba.

Da rana ta take, Jatau ya sha fura ya miƙe a tabarma. Yana tsakanin barci da ido biyu, bangon zaure ya fara rawa kamar ruwan tafki, sai ga wani tsohon jangwada, ƙadangaren nan mai jan kai, ya gangaro ya tsaya saitin hancinsa yana gyaɗa kai.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, Sarkin Noma. Na ji abin da ka gaya wa yarinyar nan, sai ka tuna mini da Bawale masunci.”

Jatau bai yi mamaki ba, don furar ta ji nono. Ya ce, “Me ya sami Bawale?”

Jangwada ya gyara wutsiya, ya ce:

“A bakin wani kogi mai tafiya kamar amarya, an yi wani masunci Bawale. Ubansa ya rasu ya bar masa jirgin ruwa na icen maɗaci. Bawale ya ce wannan jirgi ya sha wahala, dole ya huta. Ya tara majiya ƙarfi suka jawo shi tudu, ya yi masa rumfa, yana share shi safe da yamma. Shi kuma ya koma jefa ƙugiya daga gaɓa kamar baƙo. To, shi jirgin ice ruwa ne ransa. Da ya bushe sai ya fara tsagewa, tun yana ƙas-ƙas a hankali har tsagar ta isa a zura hannu.

“Ran nan wata tsohuwa mai tallan daddawa, Goggo Tabawa, ta fake a inuwar rumfar, ta tarar da shi ya yi tagumi. Ta ce, ‘Ɗan nan, wa ya mutu?’ Ya ce, ‘Jirgin Baba ne, Goggo. Ina lallaɓa shi, yana lalacewa.’ Ta leƙa ta ce, ‘Ai kai Kande ce da gemu.’ Ya ce, ‘Wace Kande?’ Ta sauke tallanta, ta ce:

“‘A garinmu an yi wata mata, Inna Yalwa, wadda in tana lugude har tsuntsaye sukan yi shiru. Ta rasu ta bar ƴaƴa mata biyu, Kande da Dela, ta bar turmi da taɓarya. Turmin gindinsa ya huje, taɓaryar kuwa lafiyarta lau. Kande babba ce, ta zaɓi taɓarya, ta nannaɗe ta da zane ta tura ƙarƙashin gado, ta ce ba hatsin da ya isa ya taɓa hannun Inna. Dela ta mirgina hujajjen turmi zuwa gidanta ana yi mata dariya, ta kife shi a tsakar gida. Yara suka hau, tsofaffi suka zauna tsinkar zogale. Da aka tashi wankan wata amarya aka rasa turmin da za a zaunar da ita, sai aka aro shi. Auren ya yi albarka. Shi ke nan, kowace amarya a garin sai ta ce ita a kan turmin Inna Yalwa za a wanke ta. Yaran da ba su taɓa ganin Inna ba suka san sunanta kamar sunan kasuwa. Da Kande ta ji haushi, ta ce bari ta fito da nata gadon a gani. Ta jawo zane, ta kwance a gaban mata. Gara ta riga ta yi walima, sai ɓawo. Ta ɗaga, iska ta busa, taɓaryar Inna ta bi sama kamar hayaƙi.’

“Goggo Tabawa ta ɗauki tallanta ta ce, ‘Ajiya maganin wata rana ce, ɗan nan, amma gara ma tana da tata ranar. Ka sayi daddawa ko in wuce?’

“Bawale ya dubi jirgi. Kogi ya riga ya fi ƙarfin jirgin. Sai ya sa aka kai shi bakin rijiyar gari, ya cusa tsumma a tsagar, ya cika shi da ruwa don dabbobi. Icen ya sha, ya kumbura, tsagar ta rufe bakinta. Da can jirgi ke cikin ruwa, yanzu ruwa ke cikin jirgi. Shanu na sha, gajimare na yawo a ciki, makiyaya na cewa mu haɗu a jirgin baban Bawale. Har wasu sun ce da tsakar rana sukan ga inuwar kifi tana wucewa, amma ni ban gani ba, ba na son ƙarya.”

Jangwada ya gyaɗa kai ya ce, “To, ranka ya daɗe, kai Kande ce ko Dela? Ni dai a kan igiyar nan nake farautar kiyashi, na san abin da ke zubowa daga ƙyallen nan, kuma ba gari ba ne.”

Jatau ya farka firgigit. Ba kowa sai wutsiya tana shigewa tsagar bango. Ya miƙe, ya sauke garmar, ya kwance ƙullin. Tsatsa ta zubo masa a cinya ja wur kamar dakakken barkono. Gefen ƙarfen duk ya zama ganye, tsakiyar ce kawai ta rage da rai.

Ya ɗaga murya, “Uwata! Ɗauko mayafinki, maƙera za mu.”

Maƙeri ya juya ƙarfen ya ce, “Sarkin Noma, da ka ƙara damina ɗaya, da sai dai ka kawo mini ƙyallen.” Aka hura zugazugi. Jatau ya kau da kai da ƙarfen ya yi ja, amma da masaba ta sauka sai ya ji amon da ya sani tun yana bin ubansa gona, lokacin da garmar kan ci karo da dutse. Ya juyo. Fartanya ta fito ƴar madaidaiciya, guntun da ya saura aka miƙe shi ya zama basillar ɗinkin buhu.

Lantana ta karɓa ta ce, “Baba, me zan ce wa jikokinka in sun tambaya?”

Ya ce, “Ki ce garmar Nomau ce. In ta cinye a fitar da lauje, in lauje ya cinye a fitar da allura. Kada dai a naɗe ta.”

Da ya dawo zaure ya soke basilla a hularsa, ya tarar da jangwada a gindin igiya, ba man gyaɗa, ba kiyashi. Jatau ya ce, “Malam, na karɓi karatu. Amma ka toshe wa kanka kasuwa.”

Furar ta riga ta saki Jatau, jangwada ya koma ƙadangare kawai. Ya dai gyaɗa kai.

Tun ran nan, duk Juma'a Sarkin Noma kan ɗiga man gyaɗa a gindin bango. Ƙurunƙus kan jangwada, wanda ya ce ƙarya ne ya je ya tambaye shi, zai gyaɗa masa kai.