Taɓawa Ɗaya a Bakin Raga

A garin Zuru an yi wani matashi mai suna Philemon, ɗan wani tsohon soja da ake kira Baba Yari. Allah ya ba Philemon ƙafa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin ƙwallon garin a farkon shekarun dubu biyu ba zai yi mini gardama a kan wannan ba. Ga gudu, ga tsalle, kuma idan ya ɗirka ƙwallo da hagu, mai tsaron gida sai dai ya juya ya ɗauko ta a cikin raga. Amma yana da wani ciwo da ba a gani a jiki. Ba ya iya jure a yabi wani a gabansa. A ganinsa, sauran mutum goma da ke sanye da riga irin tasa duk 'yan rakiya ne, shi kaɗai ne ango.

Yana da aboki tun na ƙuruciya, Kefas, wani gajere marar yawan magana da ke buga tsakiya. Tare suka taso, tare suka fara buga ƙwallon tsumma a gindin dutse. Kefas ba ya buƙatar ɗaga kai kafin ya san inda Philemon zai ruga. Kafin Philemon ya isa wurin, ƙwallo ta riga ta isa tana jiransa. Yawancin ƙwallayen da suka sa sunan Philemon ya kai Danko da Wasagu daga ƙafar Kefas suka fito. Amma da zarar raga ta motsa, Philemon sai ya sheƙa kusurwar fili, ya juya wa 'yan kallo baya, ya nuna lamba taran da ke bayan rigarsa da manyan yatsunsa biyu. Kefas kuwa sai ya koma tsakiyar fili yana gyara safa.

Halin nan bai tsaya a filin ƙwallo ba. Su biyun suna cikin ƙungiyar golmo ɗaya, wato noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinyar da zai aura. Ba a yin golmo mutum shi kaɗai. Samari kan haɗu, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta wancan. Ranar da aka je gonar surukin Philemon kowa ya zo, Kefas ma ya gama kunyarsa ya kama masa tasa. Da ranar Kefas ta zagayo, aka nemi Philemon sama ko ƙasa. Sai da yamma Kefas ya same shi a gidan kallon ƙwallo, ya miƙe ƙafa a kan benci.

"Philemon, mi ya hana ka zuwa? Har rana ta take muna duban hanya."

"Haba Kefas! Dubi ƙahwahun ga da kyau. Sun yi maka kama da na riƙon garma? In garma ta sare ni, wa zai ci muku ƙwallo ran Lahadi?"

Kefas ya juya ya tafi. Da labari ya kai kunnen Baba Yari, sai ya kira ɗansa ya zaunar da shi.

"Yaro, ni na yi aikin soja har Laberiya. Wanda ya harba bindiga shi ake gani, amma in mai ɗauko harsashi ya zauna, bindigar sanda ce. Ka kiyayi ranar da mutane za su gaji da kai."

"Baba, wancan yaƙi ne, wanga ƙwallo ce," in ji Philemon yana dariya.

Ana nan, sai aka yi wasan ƙarshe na gasar ƙasar Zuru. Cikin 'yan kallo akwai wani baƙo, Koci Haladu, mai horar da wata ƙungiyar ƙwararru a Kaduna da ke buga rukuni na biyu. A ranar Philemon ya zura uku. Bayan an tashi, Koci Haladu ya ja shi gefe ya ce yana son sa. Sannan ya tambaye shi, "Wannan gajeren mai lamba takwas fa? Ina ganin ku biyu zan ɗauka."

Nan take zuciyar Philemon ta yi baƙi. Ya ce, "Kefas? Ai manomi ne, Koci. Ko za a yanka shi ba zai bar gonar surukinsa ba. Kuma turo ƙwallo wani aiki ne? Kowa ya iya. Ci shi ne aiki."

Ƙarya ce tsagwaronta, don Kefas bai da burin da ya wuce wannan. Haka Philemon ya hau mota shi kaɗai, kuma Kefas ne ma ya ɗaukar masa jaka zuwa tasha yana yi masa fatan alheri. Duk lokacin da na tuna wannan rakiyar sai raina ya ɓaci.

A Kaduna ne Philemon ya gane shayi ruwa ne. 'Yan wasan can suna ba ka ƙwallo a inda kake tsaye, ba a inda za ka je ba. Masu tsaron baya kuwa ƙarti ne, kafin ka juya sun manne maka. Wasa ya bi wasa, Philemon bai ga raga ba. Ya ce takalmi ne, aka sake masa takalmi. Ya ce ciyawar filin ce. Ya ce abokan wasa ke yi masa baƙin ciki. Daga baya ma ya ce asiri aka yi masa daga gida. Abu ɗaya ne bai taɓa faɗa ba, kuma shi ne gaskiyar. 'Yan kallo suka fara yi masa ihu, lamba tara ta koma zaman benci.

Koci Haladu ba yaro ba ne a harkar. Ya tuna abin da idonsa ya gani a Zuru. Da aka zo hutun tsakiyar kaka, bai yi shawara da kowa ba ya kama hanya, ya dawo da Kefas a gaban motarsa. A hanya ne Kefas ya ji abin da abokinsa ya faɗa a kansa.

Da suka haɗu a masaukin 'yan wasa, Philemon ya kasa haɗa ido da shi.

"Koci ya hwaɗa mini abin da ka ce," in ji Kefas.

"Kefas, ai ka san..."

"Bari. Ban zo hwaɗa ba. Tare munka taso. Kai dai ka ruga yadda ka saba, za ta iske ka."

Haka kuwa aka yi. Tun wasan farko ƙwallo ta soma iske Philemon a inda yake so, raga ta soma motsi. Ƙungiyar da ke can ƙasa ta yi ta hawa har ta zo daf da saman teburi. Sunan Philemon ya cika rediyo, masu sayar da jarida suka san fuskarsa. Mai hankali da ya sha irin wahalar da ya sha, da ya rungumi Kefas da hannu biyu. Amma hali zanen dutse ne. Yana ci, yana rugawa kusurwa, yana nuna bayansa.

Sai dai mutanen Kaduna suna da ido. Suka fara rera sunan Kefas a filin wasa. Wata rana mai sharhin wasanni a rediyo ya ce, "Jama'a, a gaya wa juna gaskiya, ba don lamba takwas ba, da ba mu san lamba tara ba." Philemon ya ji wannan magana da kunnensa. Ya kashe rediyon, ya ƙi cin abinci, ya daina zama kusa da Kefas a motar ƙungiya.

Aka zo wasan ƙarshe na kaka, a gida. Lissafin a fili yake. Idan suka ci, sun haye babban rukuni. Idan aka yi canjaras, wata ƙungiyar ce za ta haye. Bayan haka, wakilin wata babbar ƙungiya ya taso daga Legas musamman saboda Philemon. Kafin a fita fili, Koci Haladu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Saurara. Mutumin nan ya riga ya gama shawara, kai yake so. Ko ka ci ko ba ka ci ba, tafiyarka ta tabbata. Abin da nake roƙo kawai, mu yi nasara. Ko wa ya ci, namu ne."

"An gama, Koci," in ji Philemon.

Wasa ya yi zafi. Baƙin sun zo ne su tsare gida, suka jibge a baya kamar buhunan dawa. Aka tafi hutu babu ci, aka dawo babu ci. Lokaci ya ƙure, mataimakin alƙali ya riga ya ɗaga allon ƙarin lokaci, wasu 'yan kallo har sun fara dafe kai.

Sai ƙwallo ta faɗo ƙafar Kefas a wajen da'irar tsakiya. Philemon ya yi gaggawa, ya ruga tun kafin lokaci, ya wuce mai tsaron baya na ƙarshe. Ya yi satar gida, kuma ya san ya yi. Kefas ma ya gani, don haka bai ba shi ba. A dokar ƙwallo, wanda ya yi satar gida ba shi da laifi muddin bai taɓa ƙwallon ba kuma bai tare kowa ba, shi ya sa mai tuta bai ɗaga ba. Kefas ya hangi mai tsaron gida ya fito da nisa, sai ya ɗaga ta sama ta bi ta kansa. Ƙwallo ta sauka a bayan mai tsaron gida, ta yi tsalle, ta kama gangarawa zuwa raga. Babu kowa a gabanta. Babu wanda zai iya cim mata, sai mutum ɗaya.

"Bar ta!" Kefas ya ƙwala ihu. "Philemon, bar ta!"

Koci Haladu ya yi tsalle daga benci yana ihu, "Kar ka taɓa! Kar ka taɓa!" 'Yan benci suka ɗauka, 'yan kallo suka ɗauka.

Kada wani ya ce muku ruɗewa ce. Philemon ya ji su sarai, kuma ya sami lokacin tunani, don ƙwallon a hankali take tafiya. Abin da ya gani a ransa shi ne gobe da safe, rediyo na cewa Kefas ne ya kai ƙungiya babban rukuni. Wannan ne ya kasa haɗiyewa. Saura taki ɗaya ta haye layi, ya miƙa ƙafa ya taɓa ta da kan takalmi, ta shige.

Ya sheƙa kusurwa kamar yadda ya saba, ya juya baya, ya nuna lambarsa. Sai ya ji filin ya yi tsit. Ya waiwaya, sai ga mai tuta tsaye a gefensa, tuta a sama. Alƙalin wasa ya soke ƙwallon. Ba a daɗe ba ya hura usur na tashi, babu ci. Manya-manyan maza suka zube a kan ciyawa suna kuka. Kefas ya durƙusa a inda ya buga ƙwallon, ya rufe fuska da rigarsa.

A ɗakin sauya kaya babu wanda ya zage shi, babu wanda ya ko kalle shi. Da zagin ma aka yi, da ya fi masa sauƙi. Can Koci Haladu ya shigo ya tsaya a gabansa.

"Ka ji ana cewa ka bar ta?"

"Na ji, Koci."

"Ka san ka yi satar gida?"

Philemon ya sunkuyar da kai.

"Da kuskure ne, wallahi da na rungume ka, don babu ɗan wasan da ba ya kuskure. Amma wannan ba kuskure ba ne. Cire mini rigar nan."

Wakilin da ya zo daga Legas bai ko nemi ganinsa ba. Ya gaya wa Koci cewa ba zai kai wa ƙungiyarsa mutumin da zai iya kashe wahalar shekara guda saboda sunansa ba. Da zai koma Legas, sai ya tafi da Kefas.

Labari a harkar ƙwallo ba ya kwana. Philemon ya je gwaji Jos, ya je Bauci, ya je Ilori. Ƙafar tana nan, gudun yana nan, a wurin gwaji ma yakan ci. Amma duk inda ya faɗi sunansa, sai koci ya dube shi ya ce, "Au, kai ne na Kaduna?" Daga nan sai a ce ya je za a neme shi. Ya ɗan taɓa bugawa a ƙananan ƙungiyoyi, nan ma 'yan tsakiya suka riƙa kallon wani gefen idan ya ɗaga hannu. Bayan 'yan shekaru ya tattara ya dawo Zuru, ya sami babur yana ɗaukar fasinja zuwa Ribah, alhali tsararrakinsa suna ganiyar wasa.

Hanyar tasa kuwa ta gefen filin ƙwallon garin take bi. Da yamma, idan matasa suna wasa, ƙwallo ta kama hanyar raga wani ya biyo ta da gudu, sai ka ji fili ya ɗauka baki ɗaya, "Bar ta, Philemon!" Da yawansu ba su ma san wane ne Philemon ɗin ba. Shi kuwa yana ji, ga fasinja a bayansa, sai ya ƙara wuta ya wuce.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, baiwa ba ta isa ta riƙe mutum idan son kai ya yi masa jagora. Babu wanda ke cin nasara shi kaɗai, kuma duk wanda ka ga yana haskawa, akwai masu riƙe masa fitila. Ka san su, ka gode musu, kuma idan ranarsu ta zo ka matsa gefe ka bar su su sha yabonsu, domin nasarar ɗan'uwanka ba ta rage ka da komai. Philemon ya riga ya sami duk abin da yake nema, kwaɗayin ɗan abin da ba nasa ba ne ya raba shi da shi. Son zuciya ɓacin zuciya.