Rigar da Ta Yage a Hanyar Wusasa

Akwai wani mutum mai suna Dogara, Kirista ne ɗan Wusasa, amma abincinsa a cikin birnin Zazzau yake. Shekara goma sha ɗaya yana yi wa Alhaji Jumare aiki, wani mai sana'ar manyan riguna a Ƙofar Galadima. Shi ke kai shadda gidaje wurin mata masu aikin hannu, ya karɓo ya kai wa mai bugu, ya dawo da ita tana ƙyalli.

Alhaji ba ya gajiya da yabonsa. "Dogara? Ko makullin gidana na ba shi, barcina zan yi," haka yake gaya wa baƙi. Duk ranar da Dogara ya ji wannan yabo sai ya sunkuyar da kai, don ya san abin da ya binne.

Shekara bakwai da suka wuce, lokacin yana ji da ƙuruciya da kwalba, ya karɓo wata babbar riga daga rumfar Malam Tanko mai bugu. Aska takwas ce, wata huɗu Iya Delu, ɗaya daga cikin matan nan masu aikin hannu, ta yi tana zuba mata aiki da allura. Ranar Asabar ce, abokinsa na aure a Wusasa. Gogan naka ya ce bari ya ɗana ta awa biyu, wa zai sani?

Sarƙar babur ce ta sani. A hanya ta kama gefen rigar, ta yage ta har cikin aikin.

Ya wanke baƙin man da fetur, ya ninke rigar, ranar Litinin ya ajiye gaban Alhaji ya ce haka ya karɓo ta, bugu ne ya yi yawa ya cinye zare. Alhaji ya je rumfar Malam Tanko, Dogara na biye da shi, ya zazzage masa a gaban mutane. Dattijon ya duba yagar, ya dubi Dogara, ya ce, "Allah ya sani," bai ƙara ba. Cikin wata uku magana ta zaga layin maɗinka cewa hannun Tanko ya lalace. Aka daina kai masa aiki, ya rufe rumfa ya koma zauren gidansa a unguwar Kusfa.

To, bara Dogara ya tuba. Ya bar giya, ya koma coci, yana gaya wa kowa an sake haifarsa. Saura kwana huɗu a yi masa baftisma, Fasto ya tara masu jiran baftisma yana koya musu.

"Yesu ya koyar cewa ba mai ganin mulkin Allah sai an sake haifarsa," in ji Fasto. "Ba cikin uwarka za ka koma ba. Ruhun Allah ne ke ba ka sabuwar zuciya, kyauta, ba da ƙoƙarinka ba. Amma jariri in an haife shi ana jin kukansa. In akwai wanda har yau yake ɗauke da ƙaryar da ka yi masa kana tsohon mutum, sabon mutumin ba zai iya zama shiru ba."

Dogara ya san da shi ake. Da ya koma gida tuwo ya gagare shi. Matarsa Mariyamu ta tsare shi da tambaya har ya amayar mata da komai.

Da ya gama ta ce, "Maigida, in ka faɗa, Alhaji zai kore ka. Yara uku gare mu."

"Na sani."

"In ba ka faɗa ba kuma, ranar Lahadi wa za a tsoma a ruwan? Dogaran da na sani ne kawai zai jiƙe ya fito."

Ranar Alhamis bayan la'asar ya shiga birni. Sau biyu yana wuce kwanar gidan Malam Tanko kamar wanda bai san hanya ba, shi da ya san lungunan Kusfa kamar tsakar gidansa. A na uku ya kashe babur daga nesa ya tura shi, don kada ƙarar ta riga shi isa. Yana ta tunanin ranar da zai koma gida ba aiki, da yadda mutanen da suka amince da shi shekara da shekaru za su riƙa nuna shi da baki.

Ya tarar da dattijon a zaure, yana bugun wani tsohon zane a kan gungume. Hannun ya rame, amma bugun na sauka daidai, ɗaya bayan ɗaya.

"Salamu alaikum, Baba."

"Wa alaikumus salam. A'a, Dogara? Yau hanya ta ɓace maka ne?"

Dogara ya durƙusa a bakin tabarma. Duk jawabin da ya shirya a hanya ya gudu. "Baba, rigar nan. Aska takwas ɗin nan. Ba bugunka ba ne. Ni na sa ta zuwa biki, sarƙar babur ta yage ta, na ɗora maka."

Malam Tanko ya ajiye itacen bugun a hankali. "Na sani."

"Ka sani?"

"Shekara arba'in ina wannan aiki, ban san yagar bugu ba? Bugu wurin ninki yake ci, ba ya yaga riga daga ƙasa. Ga warin fetur kuma har hancina."

"To me ya sa ba ka faɗa ba, Baba?"

"Na buɗe baki zan faɗa, sai na tuna ranar da ka karɓi rigar ka ce mini matarka na asibiti za ta haihu. Na ce bari in ba shi mako guda, zai zo da kansa." Ya yi ɗan murmushi mara daɗi. "Mako ya zama shekara bakwai. Kada ka zaci ban ji zafi ba. Akwai Sallar da ko ɗinki ban yi wa iyalina ba. Akwai ranar da na ɗaga hannu zan kai ƙararka wurin Allah, na fasa."

Dogara ya kife kai yana kuka kamar ƙaramin yaro, bai damu da masu wucewa ba.

"Me ya kawo ka yau?" dattijon ya tambaya.

"A wurinmu ana cewa mutum yana iya sake haihuwa, Baba. Allah ya ba shi sabuwar zuciya. Ina ta faɗa da baki, amma na kasa barci da sunanka a wuyana."

Malam Tanko ya dube shi tsaf. "Ni addinina daban, mu tuba muka sani. Amma Dogaran da ya tsaya bayan Alhaji ran nan yana kallon ƙasa ba zai taɓa shigowa zauren nan ba. Na yafe maka. Sai dai sunana ba a zauren nan ya ɓaci ba."

Dogara ya gane. Ya goya dattijon a babur suka nufi Ƙofar Galadima.

Alhaji Jumare ya saurara har ƙarshe, fuskarsa ta yi ja. Ya miƙe, kowa ya zaci mari zai kai. Sai ya wuce Dogara, ya kama hannun Malam Tanko da hannu biyu. "Malam, ni na fi shi laifi, da na yanke hukunci ban bincika ba. Ka yafe mini."

Sannan ya juyo. "Kai kuma, ajiye makullin babur. Da ƙafa za ka bi layin maɗinka, shago shago, ka faɗi abin da ka faɗa mini. Ka je gidan Iya Delu ma. In ka gama, zan ga ko ina da sauran aiki da kai."

Shago ashirin da uku Dogara ya shiga a kwana biyu. Wasu suka zage shi, wasu suka yi dariya, wani tsohon tela ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba. Ranar Lahadi ya shiga ruwan baftisma bai san ko yana da aiki ba, amma tun da ya girma bai taɓa jin ƙirjinsa sakayau haka ba.

Ranar Litinin Alhaji ya aika a kira shi. Bai yi masa murmushi ba, bai kuma ƙara maganar makullin gida ba. Ya tura masa ƙullin riguna shida da makullin babur ya ce, "Kusfa. Ka ce wa Malam Tanko ya buɗe rumfa."

Darasi: Sake haihuwa aikin Allah ne a cikin zuciya, amma wanda ka zalunta ne zai fara ganin shaidarta. Kada ka tsaya faɗin cewa ka zama sabon mutum alhali wani na ɗauke da ƙaryar da ka ɗora masa. Tashi ka je ka wanke sunansa tun yana da rai, ko da zai ja maka asara. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, wataƙila akwai wanda ke da zauren da ya kamata ya shiga yau.