Kwaɗon Ɗakin Baiko

Yabo ya tabbata ga Allah Uba, wanda ya ba 'yar majami'armu ta bayan garin Argungu malami masani, mai zuhudu da tawali'u, wanda ya ƙoshi da Maganar Allah tun yana saurayi, bai kuma taɓa ɗaga murya a kan babba ko yaro ba. Ni ɗalibinsa ne, sai dai ban gaji sanyin halinsa ba, kuma abin da zan ba da labarinsa har yau in na tuna shi zuciyata tafasa take yi.

Al'adarmu ce, in an yi girbi, kowane gida ya kawo gero ko shinkafa baiko ga Ubangiji, a tara a wani ɗaki a bayan majami'a, ba a taɓawa sai ranar sujadar godiya, a yi masa addu'a sannan a yi gwanjonsa. Mabuɗin ɗakin yana hannun wani dattijon ikkilisiya mai suna Tamba, mutumin da bai taɓa cin ƙwayar hatsin kowa ba, amma da za ka roƙe shi inuwa sai ya ce ka dawo gobe. Wata shekara ya ƙudurta cewa da wannan hatsi za a rufa wa majami'a sabon kwano.

A wannan shekarar ce ambaliya ta cinye gonar Hodi, ɗan'uwanmu a bangaskiya, ya tafi neman ƙwadago ya bar matarsa Baiwa da tagwaye 'yan mata a goye. Yunwa ta kafar mata da nono. Malam, Allah ya ƙara masa daraja, yana Birnin Kebbi wajen jinyar wani maras lafiya, don haka Baiwa ta cire kunya ta je wurin Tamba ta roƙi ɗan geron da za ta dama kunun kanwa. Ya ce gobe zai shawarci dattawa. Ta koma, ya ce hatsin Allah ne, ba a yi masa addu'a ba tukuna, ta ƙara haƙuri. Tana cikin wannan haƙurin ɗaya daga cikin tagwayen ta rasu. Ni na haƙa kabarin, kuma bai kai tsawon hannuna ba.

Washegari da hantsi Malam ya sauka daga mota, na tare shi a bakin hanya na zazzage masa komai. Kai tsaye muka shiga gidan Hodi, ya ga wadda ta rage, Ummi, kwance a cinyar uwarta, ko ƙarfin kuka ba ta da shi. Ya aika a kira Tamba, aka ce tun jiya da sassafe ya hau babur ya tafi Gesse tambayar farashin kwano, mabuɗin kuma yana aljihunsa, sai gobe zai dawo.

Na ce zan ɗauko gatari in fasa ƙofar ɗakin baikon. Bawan Allah ya girgiza kai, ya wuce zuwa ɗakin baikon, mata da yara suna biye da shi. Ya tsaya a bakin ƙofar ya ce, “Ubangiji bai ba mu gobe ba tukuna, yau ya ba mu. Ɗiyag ga kuwa yau ta ka jin yunwa.” Sannan ya ɗora tafinsa a kan kwaɗon, wani ƙaton kwaɗo da Tamba yake alfahari da shi, ya yi gajeriyar addu'a cikin sunan Yesu Almasihu. Ina tsaye kusa da kafaɗarsa, da idona na ga kwaɗon ya buɗe da kansa ya faɗo cikin hannunsa, ba a ja ba, ba a murɗa ba.

Nan take mata suka ɗebi gero suka hau daka, aka dama kunu Baiwa ta sha, Malam kuma yana zaune a zaure da kansa a sunkuye. Unguwarzoma ta ce nonon da ya kafe haka ba ya dawowa rana ɗaya. Rana ba ta faɗi ba sai ga gaban rigar Baiwa ya jiƙe, Ummi ta kama ta tsotsa har ta yi barci.

Da Tamba ya dawo ya ga ƙofa a buɗe, abin da ya fara tambaya shi ne da me za a yi rufi. Na taso masa, na tara maganganun da zan wanke shi da su a gaban jama'a, har da tsawon kabarin. Malam ya riƙe hannuna ya ce mini, “Shi ya tare ga gobe, kai kuma kana son ka tare ga jiya. Wa za ya tsaya nan wurin ɗiyag ga?” Ya juya ga Tamba ya gaya masa a hankali cewa babu itace a gidan Baiwa, kuma za a dama kunu kafin magariba.

Dattijon ya tsaya da mabuɗinsa a hannu, sai a lokacin ya tambayi ina ɗaya yarinyar. Aka nuna masa ɗan kabarin. Da la'asar na gan shi da damin itace a ka, ya ajiye a ƙofar gidan Hodi, ya durƙusa a ƙasa yana kuka. Baiwa ba ta fito ba, amma ta aiko a ɗauki itacen.

Ummi yanzu tana aji biyu a firamare, ita kaɗai take tafiya makaranta, kuma duk sanda na gan ta sai fushina ya dawo sabo. Tsarki ya tabbata ga Ubangijin da ya buɗe ƙarfe a hannun bawansa. Ya Allah, ka ƙara wa malaminmu lafiya da alheri, ka yayyafa mana albarkar da ka yi masa, ni kuma ka sanyaya mini zuciya yau ɗin nan, domin Almasihu. Amin.