Katakon da ke Ƙarƙashin Totur

Akwai wani saurayi da aka yi a Landan, a shekarun da kuɗin fetur ya yi ambaliya a Najeriya, sunansa Nata'ala. Mahaifinsa, Alhaji Maje, ɗan kwangilar siminti ne a Kano. Ya turo shi karatun lauya a 1974, ya kama masa gida a Marylebone.

To amma Nata'ala irin mutanen nan ne da kujera ke cizo. In yana aji ƙafarsa na kaɗawa, in bas ta yi jinkirin minti biyu sai ya kama hanya da ƙafa. Shayi ma bai taɓa bari ya huce ba, kullum harshensa a ƙone yake.

Wata Lahadi wani Bature abokin karatunsa ya ja shi kallon tseren motoci a kudancin birnin. Ba irin tseren manyan attajirai ba ne. Ɗan fili ne mai siffar ƙwai, ƙasarsa tsakuwa mai santsi, an kewaye shi da shingen ƙarfe. Motoci wajen talatin ke zagayawa suna bangazar juna, kuma doka ta yarda da hakan. Daga ranar nan littafin lauya ya shiga uku.

A wannan tsere, launin rufin mota shi ke faɗin matsayin direba. Sabon shiga fari, daga nan rawaya, sai shuɗi, gwanaye kuma ja. Nata'ala ya ce shi ja yake so, kuma ba ya son a ce masa gobe.

Aka yi masa kwatancen wani gareji a Camberwell, a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Mai garejin dattijo ne ɗan Gusau, ana ce masa Baba Hambali. Ya shekara ashirin yana gyaran manyan motoci a hanyar Funtuwa kafin wani kamfani ya kawo shi Ingila kwas, ya yi zamansa. Ya sha haɗa wa Turawa motocin wannan tsere, amma bai taɓa samun ɗan gida ba. Shi ya sa da yaron ya yi sallama da Hausa, tsohon ya ji kamar an yi masa albishir.

Baba Hambali ya haɗa mota, ya zama shugaban masu kula da ita. Ranar gwajin farko Nata'ala ya taka totur har ƙasa a kwana, motar ta juya sau biyu ta tsaya tana kallon inda ta fito. Tsohon ya yi masa bayani cewa a kan tsakuwa, wanda ya danne totur a kwana taya ce kawai za ta yi ta juyawa a banza, bayan motar ya kufce masa. Ya ce masa ya riƙa ɗaga ƙafa kaɗan. Nata'ala ya ce to. Zagaye na gaba ya sake yin abin da ya yi.

Sau bakwai ana wannan. Baba Hambali ya ja motar ya mayar gareji.

Abin mamaki, mako na gaba mota ta daina juyawa. Nata'ala na takawa iya ƙarfinsa, ita kuwa tana shan kwana lafiya lau. Ya ce ai dama ya san hannunsa zai faɗa. Kafin ƙarshen 1975 rufinsa ya koma rawaya.

A nan ne Alhaji Maje ya zo Landan ganin likita, ya tarar da hular kwano a kan teburin karatu. Bai yi faɗa ba, shi mutum ne mai son a yi ciniki a gama. Ya ce ya ba shi zuwa ƙarshen 1976. In ya kai wannan jan rufin da yake ta zance, ya ci gaba da abinsa. In bai kai ba, ya tattara ya dawo Kano ya kula da motocin siminti.

Mai gaggawa aka ba wa'adi, sai ku ƙiyasta. Nata'ala ya koma kwana da tashi da lissafin maki. Yana cin abinci a tsaye, yana zuwa gareji sau uku a yini ya tambayi abin da aka riga aka amsa masa. A tsakiyar shekara ya samu shuɗi, amma ko murna bai tsaya yi ba. Ƙorafinsa kullum ɗaya ne, wai a miƙaƙƙiyar hanya masu jan rufi suna wuce shi kamar yana tsaye.

Wata ranar Laraba cikin Agusta, agogonsa ya suɓuce ya faɗa wajen ƙafar direba. Ya sunkuya yana lalube, sai hannunsa ya taɓa wani abu a bayan totur. Guntun katako ne, kaurinsa bai kai rabin yatsa ba, an shafe shi da baƙin fenti an ɗaure da noti. Ashe duk tsawon wannan lokaci, abin da yake zaton ƙasan mota ne ƙafarsa ke tsayawa a kai, katako ne.

Ya kwance shi, ya nufi tsohon.

"Baba, mene ne wannan?"

"Katako ne," in ji Baba Hambali. "Ni na sa."

"Shekara ɗaya da rabi kana riƙe min ƙafa? Ina ta losing a banza, kana kallona?"

Tsohon ya goge hannu, ya ce haka maigidansa ya yi masa a tashar Gusau lokacin yana koyon tuƙi. Ya ce da farko kaurin katakon yatsa biyu ne, kuma duk ranar da Nata'ala ya gama tsere bai kufce ba, yakan aske kaurin tsinken ashana.

"Saura aski uku, ɗana. Ka ba ni mako shida."

"Ba ni da mako shida da zan ba makanikin tasha," in ji Nata'ala.

Ya jefa katakon cikin durom ɗin baƙin mai ya fita. Maganar nan ta yi wa Baba Hambali ciwo ƙwarai, don ya ɗauki yaron tamkar ɗan cikinsa. Bayan yaron ya tafi, tsohon ya naɗe hannun riga ya lalubo katakonsa.

Kuɗi ba matsala ba ne a lokacin. Nata'ala ya bar tsohuwar motar a garejin, ya sayi sabuwa mai ƙaton injin Amurka. Ya ɗauki makanikai biyu Turawa masu fararen kaya, waɗanda duk abin da ya ce sai su ce daidai ne. Ba laifinsu ba ne, abin da aka ɗauke su yi ke nan.

Tseren farko ya wuce kowa a miƙaƙƙiyar hanya, 'yan kallo suka miƙe tsaye. Da aka zo kwana ya juya, motoci takwas suka wuce shi. Ya ce taya ce, aka canja taya. Mako na biyu ya ce sitiyari ne. Mako na uku ya ce alƙalan filin ba sa son baƙar fata. Kafin Oktoba an umarce shi ya mayar da rufinsa rawaya.

Ranar tseren ƙarshe na shekara, Lahadi da la'asar, ana ɗan yayyafi. Ko da zai ci wannan tseren, maki ba za su kai shi ja ba, shi ma ya sani. Amma zuciya ta riga ta ɗebe shi. A zagaye na sha biyu yana na uku, ya hango gaba a buɗe, ya danne totur tun bai fita kwana ba. Motar ta wulwula ta daki turken shinge, wata ta zo ta same shi ta gefen dama.

A babban asibitin Camberwell ya farfaɗo. Likita ya gaya masa idon sawunsa na dama ya ragargaje, sun haɗe ƙashin da ƙarfe. Zai yi tafiya, amma gaɓar ba za ta ƙara lanƙwasa kamar da ba. Kuma sai ya shekara a Landan ana duba shi. Makanikan nan biyu sun aiko da kati.

Baba Hambali kuwa da kansa ya zo, da kunu a fulas. Nata'ala ya juya fuska bango don kunya. Tsohon ya ajiye kunun, ya yi masa addu'a ya tafi. Washegari ya dawo. Haka ya yi ta yi har aka sallame shi.

Bayan wata huɗu Nata'ala ya dogara sanda ya je garejin. Ya tarar da tsohuwar motarsa an gyara ta, kusa da ita wani mutum mai fara'a yana wanke taya. Sunansa Matiyu, ɗan Kafancan, direban bas ne da ke zaune a Plumstead. Shi Baba Hambali ya ba motar. Matiyu ya nuna masa sabon katako a bayan totur, ba fenti ba ɓoyo, yana dariya ya ce duk Litinin tare da Baba Hambali suke aske shi.

Baba Hambali ya ce, "Kai na ɓoye maka, wannan laifina ne, ka yafe ni. Na ga ba ka jin magana, sai na yi da ƙafarka ban yi da kai ba."

Nata'ala ya roƙi a bar shi ya zauna a cikin motar ko sau ɗaya. Ya shiga da ƙyar, ya ɗora ƙafa a kan totur ya danna. Totur ya sauka kaɗan, ƙafar ta tsaya cak. Ya ƙara ƙarfi har gumi ya keto masa. Da ya leƙa, sai ya ga totur ko katakon ma bai kai ba.

Ya kifa kai a kan sitiyari ya yi kuka mai isarsa.

"Baba, naka ana askewa," ya ce. "Wannan na ƙafata fa?"

Tsohon ya dafa kafaɗarsa kawai.

Ragowar shekarar 1977 a garejin nan Nata'ala ya yi ta, yana miƙa sifana yana koyon sauraren inji. Zama ya kama shi dole, har shayi ya koyi jira ya huce. A ƙarshen shekara aka cire wa Matiyu ragowar katakonsa, ya samu jan rufi. Baba Hambali ya buɗe gwangwanin fenti, ya miƙa wa Nata'ala buroshi. Shi ya shafa jan da hannunsa, a kan motar da ya raina, a hankali, har shafi biyu.

Da zai koma Kano, tsohon ya ba shi wani ƙunshi. Katakonsa ne na da, har yanzu yana warin baƙin mai. Nata'ala ya shekara talatin yana kula da motocin siminti, kuma duk sabon direban da ya ɗauka sai ya sa masa katako a bayan totur. Amma kafin ya sa, yakan zaunar da shi, ya cire takalmin dama ya nuna masa ƙafar.

Darasi: Ba duk mai riƙe ka ne maƙiyinka ba, wani ramin da ke gabanka ya hango. Wanda ya kasa haƙurin mako shida yana iya yin na dole har ƙarshen rayuwa, don wanda bai ji bari ba zai ji hoho. Ku kuma manya, in za ku taka wa yaro birki, ku gaya masa dalili. Ku tura wannan labari ga duk wani mai gaggawa da kuka sani, tun katakonsa yana askuwa.