Cindo Masassaƙi da Allon Ƙofar Kura

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A wani gari can bakin daji an yi wani masassaƙi, ana ce masa Cindo, don yatsu shida gare shi a hannun dama. Sana'arsa sassaƙa allunan da ake kafawa a ƙofar gida. Maharbi ya zo, ya fitar masa da baka da kibiya a jikin allo. Mahauci ya zo, ya fitar masa da kan bijimin sa. Sai ya goge da ganye mai kaushi, ya ƙona zanen da ƙarfe mai zafi, ya shafe da man kaɗanya har allo ya ɗau sheƙi.

Ran nan yana cikin aiki sai inuwa ta rufe rumfa. Ya ɗaga kai, sai ga Kura.

Kura ta ce, "Kai Cindo, kowa da allonsa, ni ba ni da ƙofa ne?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, wane ni in ce haka."

Ta ce, "To ka fitar mini da fuskata. In ya yi kyau, ka ci gaba da sana'arka. In ya lalace, hannun da ya yi shi nawa ne."

Nan take Cindo ya miƙe. Ya ɗauko icen rimi mai taushi, ya kama gizago, ya yi ta sara. Fuska ta fito, kunnuwa tsaye, baki a wangame. Ya jawo ƙwaryar man kaɗanya, wayam, ba ko ɗigo. Ga Kura zaune a bakin rumfa tana kallon hannunsa. Masassaƙin da ke cikin hankalinsa jiran ranar kasuwa zai yi ya sayo mai, amma tsoro bai bar Cindo ya jira ba. Sai ya shiga gida, ya ɗebo kitsen rago a tukunyar matarsa, ya shafe allon. Allo ya yi sheƙi fiye da na kowa, Kura ta ɗauka tana yashe baki.

Da safe sai ga ta da allo, kunne ɗaya babu.

Ta ce, "Aikinka ke nan? Ina kunnena?"

Cindo ko duban allon bai tsaya yi ba don tsoro. Ya roƙi gafara, ya sassaƙa wani. Kura ta ce sheƙin jiya take so, sai ya sake shafa kitse.

Washegari sai ga ta kuma, hanci babu, haɓa babu. Wannan karon ba ta tsaya dogon zance ba. Ta cafke hannunsa, ƙaras, ta cire ɗan yatsan nan na shida, ta haɗiye.

Ta ce, "Wannan ɗanɗano ne. Gobe sauran biyar."

Cindo ya zauna, ya ɗaure hannu da tsumma, hawaye na zuba. Sai a lokacin ya jawo allon ya duba da kyau. Abin da ya gani gurbin haƙora ne, manya-manya. Ya shinshina, ƙamshin kitse ya bugi hancinsa. Ashe Kura ce da kanta, in ƙamshi ya dame ta sai ta lasa, daga lasa sai gatsa. To wa zai dubi idon Kura ya ce ke kika ci fuskarki? Ai gaba ɗaya za ta cinye shi.

Sai ya ajiye rimi, ya ɗauko guntun icen ƙirya, wanda gara ma ba ta iya masa. Gizago ya dakushe, ya wasa. Ya sake dakushewa, ya sake wasawa. Jini na tsattsafowa ta tsumma, bai tsaya ba. Da fuska ta fito, sai ya shafa kitse, ya lafta mafi yawa a cikin bakin. Da yamma Kura ta zo ta ɗauka.

Gari ya waye, Cindo na zaune a rumfa, ya ɓoye hannu cikin riga. Can sai ya ji ana jan abu a ƙasa. Kura ce, tana jan allo, baki jina-jina. Ta yi tsalle ta kama hannunsa, ta datsa iya ƙarfinta. Cindo ya runtse ido, yana jiran jin ƙarar ƙashi. Sai ya ji dasashi kawai, laushi kamar bakin jariri.

Ya zare hannunsa, ya ɗaga allon. Ga haƙoran Kura reras, sun kafe a bakin fuskar icen.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ɓarawon da ke cin allonki ya bar shaida. In kira mutanen gari su faɗi mai su?"

Kura ta sunkuyar da kai, ta sulale daji, ba ta sake waiwayar garin ba.

Cindo ya kafa allon a ƙofar rumfarsa. Kowa ya wuce sai ya ce bai taɓa ganin aikin da ya yi kama da mai shi haka ba. Shi kuwa Cindo tabon hannunsa yake duba. Kwaɗayi ya ci haƙoran Kura, shi kuma tsoro ya sa ya saki ƙa'idar aikinsa har ya rasa yatsa. Don haka mai sana'a, ko wa ya tsaya maka a kai, kada ka shafa abin da ka san ba shi ake shafawa ba.

Ƙurunƙus, kan Kura ba haƙori.