An Gama, Baba Haladu

Ya 'yan uwa, ku ji tsoron ranar da bakinku zai riga hannunku aiki. Abin da zan ba ku labari bai fara da sata ko zina ba. Da kalma biyu ya fara, kuma har yau bai ƙare ba.

An yi wani mutum a nan Madina, jikan alhazan da suka zo a ƙasa suka zauna. Ɗan ƙasa ne, ya yi karatun shari'a, ana kiransa Ustazu. Wata ƙungiyar taimako ta ɗora shi a kan sashen da ke bi wa baƙi maganar takardunsu: wanda igamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu, wanda kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya yi masa ƙarar gudu, wadda aka riƙe wa fasfo. Da farko ya yi aiki tsakani da Allah. Mutane suka riƙa sa masa albarka a ƙofar masallaci. Sannu a hankali albarkar ta fi masa aikin daɗi. Ya zama ba ya iya cewa "ban yi ba tukuna". Kowa ya zo, sai ya dafa ƙirji ya ce a bar masa.

Cikin masu zuwa akwai wani tsoho ɗan Nijar, Haladu, mai hawan dabino a wata gona a Al-Awali tun yana da ƙarfinsa. Matarsa Indo ta rasu, an binne ta a Baƙi'a, ba su bar ɗa ba. Buri ɗaya ya rage masa, ya mutu a Madina a kwantar da shi inda aka kwantar da ita. Sai mai gonar, wanda shi ne kafilinsa, ya rasu, magada suka sayar da gonar. Dole a mayar da Haladu hannun wani kafili kafin wa'adi ya cika, in ba haka ba zamansa ya haramta. Ya kai fasfonsa ofishin mutumin nan. Ya kuma yi bakance a gaban abokan aikinsa cewa ranar da takarda ta fito zai je Umara ya gode wa Allah.

Fasfo ya kwanta a aljihun tebur. Yau taro, gobe walima, jibi rakiyar baƙi. Wa'adi ya zo ya wuce.

Rannan manyan masu tallafa wa ƙungiyar suka zo ziyara. Mutumin yana tsaye yana lissafa musu nasarori, sai ga Haladu da ɗan kwandon ɗanyen dabino a hannu. Ya gaishe su, ya tambaya a hankali ko maganarsa ta motsa. Idanun baƙi suka dawo kan mutumin. Zai ce ya manta? A gabansu?

Ya ce, "Halas. An gama, Baba Haladu. Ka je ka huta."

A ransa ya ce gobe zai san yadda zai gyara. Haladu bai iya karatu ba, balle ya duba a waya kamar yaran yanzu. Maganar babban mutum ita ce takardarsa. Bai je ya huta ba. Washegari ya yi wanka, ya tafi miƙatin Bi'ir Ali, ya tuɓe riga da hula ya ba abokinsa Zakiru ajiya, ya ɗaura harami, ya hau motar Makka yana labbaika.

A shingen bincike aka sauke shi. Aka ɗauki hoton yatsunsa, na'ura ta nuna ba shi da izinin zama. Ya yi ta cewa an gama, Ustazu da bakinsa ya faɗa masa. Wa zai saurare shi? Daga nan sai gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, daga can sai jirgi. Wanda aka fitar ta wannan hanya ba ya dawowa nan kusa, kuma Haladu ya tsufa.

Zakiru ya shigo ofis da rana tsaka, mutane cike. Ya ajiye riga da hula a kan tebur.

"Ustazu, ga kayan tsohonka. Tunda kai ka tuɓe shi, kai za ka kai masa."

Ya juya ya fita. Kafin la'asar kowa ya miƙa hannu a ba shi fasfonsa. Ƙungiya ta sauke Ustazu. Ba wanda ya zage shi, kuma da an zage shi da ya fi sauƙi. In ya yi sallama a amsa a taƙaice. A gidansa ma, in ya ce an biya wuta, sai ɗansa Saif ya ɗauki waya ya duba a gabansa. Wane uba ne zai jure wannan? Ni dai in na tuna, sai in dubi nawa 'ya'yan in rasa sukuni.

Zama ya gagare shi. In an yi sallar gawa a Harami aka nufi Baƙi'a da ita, sai ya juya baya ya bi wata ƙofa. Ya yi istigfari har muryarsa ta dishe, amma malamai suka faɗa masa gaskiya: haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Ina mai shi? Haladu ba ya da waya. Sunan ƙauyensu ma ba wanda ya riƙe, sai dai an ce wajejen Tawa ne. Shi da ya yi ta karɓar dabinonsa bai taɓa tambayarsa ba.

Yanzu a Bi'ir Ali ake ganinsa, da leda a hammata, yana bin motocin 'yan Umara ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ya ji Hausar Nijar sai ya tsaya ya tambaya ko an san wani tsoho mai hawan dabino.

Ya 'yan uwa, duk wanda Allah ya sa takardar wani a hannunsa, kwanciyar hankalin mutum ya riƙe, wani lokaci har da kabarinsa. In ba ka yi ba, ka ce ba ka yi ba. Kunyar a gan ka ka gaza ta yini ɗaya ce. Allah ya kiyaye harsunanmu, ya kiyaye mu da 'ya'yanmu daga cin amanar raunana.

Rigar da hular suna nan a ledar Ustazu. Ko Haladu yana raye, ko ya yafe kafin ya cika, ba wanda ya sani.